Abin Da Ya Kashe Jirgin Babaji

Don Allah ku daina cewa kama Babaji aka yi. Jiya ma na ga wani ya rubuta wai "gidan cacar Babaji da aka rufe a Ƙofar Kwaya". Malam, ba caca ba ce, kuma babu wanda ya rufe shi.

Babaji makanike ne a wani barikin sojan sama can kudu. Bai taɓa tuƙa jirgi ba, tayoyi yake ɗaurewa. Shekarar da soja suka miƙa mulki ya ajiye aiki, ya dawo Katsina da matarsa Baraka da wani ƙaton akwati da ya saya a gwanjo. Ƙarti shida ne suka sauke shi daga a-kori-kura.

Gem ne, wato na'urar wasa, irin wanda ake shiga ciki a zauna. Ga kujera, ga sitiyari mai maɓallin harbi, ga gilashi baƙi wuluk sai taurari. Daga wani fim ɗin yaƙin sararin samaniya aka kwaikwayo shi: kai ne matuƙi, jirage na taso maka, ko ka harbo su ko su harbo ka. A zaurensa ya girke shi. Teloli, 'yan acaɓa, ma'aikata in an tashi ofis, har layi ake yi. Da shi yake ciyar da gidansa.

Abin da mutane ba su sani ba, na'urar tsohuwa ce, kuma wajen kunnawa ta fi jin jiki. Sau ɗaya yake kunna ta da hantsi a ɗan janaretonsa, ba ya kashewa sai magariba. Yakan ce wa Baraka kowace kunnawa rage kwanan gilashin take, ga shi ko a Kano babu irinsa.

Sai ƙorafi ya kai ga mai unguwa: caca ake yi, kuma ana kiran salla ana jin harbe-harbe. Mai unguwa ya zo da liman, Malam Salihu, a kan in ta tabbata akwatin ya bar unguwar. Liman ya ce shi ba ya hukunci a kan abin da bai gani ba. Ya tattare babbar riga ya shiga ya zauna.

"Babaji, waɗanga da ke tahowa, mi na yi masu?"

"Ba ka yi masu komi ba, Allah gafarta Malam. Harba kawai."

"Haka nan, ba ko sallama?"

Gilashin ya yi ja wur. Babaji ya ce, "An kakkaɓo ka, Malam."

"Tun ban gyara zama ba? Sake mani."

Sau uku ya sake. Da ya fito yana share gumi ya ce, "Wanda ya ci, mi ake ba shi?"

"Ba a ba shi komi. Sunanshi dai ke hitowa a sama."

"To wannan ba caca ba ce, wahala ce."

Aka yi dariya. Amma liman ya kafa sharaɗi: da ladan ya ɗaga murya, a kashe. Babaji ya dubi akwatin, ya ce ya yarda.

Da suka watse Baraka ta ce wa mijinta, "Malam, ka cire wayar lasifika mana, ka yafa mashi zane. Wa zai sani?"

"Cewa na yi zan kashe."

Haka kunnawa ta koma uku a rana. Ko kana dab da kafa sunanka a sama, ladan na cewa Allahu Akbar za ka ji ƙit. 'Yan acaɓa su yi ta magiya, "Babaji, minti guda!" Shi kuwa ya riga ya ɗauki buta.

Gilashin ya fara dishi-dishi, taurarin suka riƙa rawa. Shekara biyu ya kai. Wata la'asar da damina Babaji ya dawo daga masallaci ya danna. Ƙarar jirage ta tashi, hoto bai zo ba. Bai sake zuwa ba.

Da labari ya kai wa Malam Salihu, da kansa ya tako. "Don mi ba ka gaya mani kashewar na cutar da shi ba?"

"Da na gaya maka, da ka sassauta. Ni ko ban so a sassauta salla sabili da ni."

Ya koma gyaran janareto a bakin Babbar Kasuwa, a nan ya tsufa, bara Allah Ya yi masa rasuwa. Akwatin na nan a zauren, Baraka na jingina tabarmi a ciki. Ita ta ba ni labarin nan, kuma ta ji abin da ake faɗa a kan mijinta.

To ku da kuka zauna a kujerar nan, kuna nan, na san wasunku, har da masu furfura yanzu. Kun ji ƙit ɗin nan da kunnenku. Kuna gani ana kiran mutumin nan ɗan caca kun yi gum. Ku buɗe baki ku faɗi abin da kuka gani, tun Baraka na da ran da za a karanta mata.