Turakun Bamanga

Bamanga mutumin wajen Buni ne, kuma abin da ya kawo shi Gombe shi ya kawo dubbai a shekarun nan, wato gudun tsira. Ya sauka a wani kango a bakin unguwar Gabukka, daga shi sai sandarsa sai shanu uku. Matarsa ta rasu tun kafin rikicin. Sauran garken yana hannun ɗansa na fari, Safiyanu, wanda ya ce wa uban ya yi gaba, shi zai biyo shi ta daji. Damina ta wuce, wata ta sake zuwa, shiru.

Bafulatani ne na gaske, ba ya ƙirga shanu, ba ya kuma kama sunan ɗan fari. Ko wa ya tambaya, amsar ɗaya ce: “Yaron yana hanya.” Ya kakkafa turaku a kangon, kowace saniya da nata, har da waɗanda ba su iso ba, kullum da safe sai ya share gindinsu. Hira kuwa da shanun yake yi, don su ba sa yi masa jaje.

Ana haka sai ga Oluomachi, wata ma'aikaciyar binciken dabbobi, haifaffiyar unguwar Jekadafari a nan Gombe, da sikeli da bokiti. Iyayenta sun koma kudu tun tashin bam a tasha, ita ta zauna. Ta ce aikinta auna abin da shanu ke ci da kashin da suke yi, don a ƙiyasta iskar da suke fitarwa, wai gyatsarsu tana ƙara wa duniya zafi. Bamanga ya yi dariya har da tari. Duniya tana ci da wuta, amma saniya aka sa a gaba!

Duk da haka ranar zuwanta ta zame masa sallah. Yakan dama mata fura, ya riƙe mata buhun dusa da harawa tana aunawa. Da ta tambayi yawan shanunsa, sai ya yi abin da ya gada, ya jero su da kamanninsu: fara mai karyayyen ƙaho, ja mai tsoron ruwa, baƙa uwar tagwaye, har ya kai ƙarshen garken. Ta ɗauka suna wajen kiwo, ta rubuta duka.

Lissafi ya ƙi fita. Ta auna, ta sake aunawa. Wata rana ta ajiye bokitin a hankali.

“Baffa, kashin nan fa na shanu uku ne. Ina sauran suke kwana?”

Ya dubi turakun. Ƙasar gindinsu fes take, ko sawun kofato babu. Mutane sun sha faɗa masa gaskiya a fakaice yana toshe kunne, amma kashin shanu, shi ma ya san ba ya ƙarya.

“In ba ka so, sai in bar rubutun yadda yake,” in ji ta.

“A'a, 'yata. Rubuta uku.” Ya dafa sandarsa. “Safiyanu ba zai zo ba.”

A cikin Fulani ta girma, ta san nauyin sunan nan a bakin uba. Ba ta rubuta komai ba. Ta tsuguna ta kama masa turken farko, suka fara girgiza shi don su tuge.