Jamilatu da Waƙar Dakan Iya Delu

Jamilatu 'yar yayana ce, Malam Aƙilu mai ɗinkin manyan riguna a bayan Ƙofar Doka. Tun tana ƙarama ba ta jin bari. Gawayin murhu take ɗiba ta zane mana bangon tsakar gida, a doke ta, gobe ta koma. Ni dai yarinyar tana burge ni, ko da yake ban taɓa faɗa a gaban ubanta ba.

A shekararta ta ƙarshe a makarantar koyon zane aka ce kowa ya haɗa bidiyon waƙa da katun a kwamfuta, wanda bai kawo ba zai maimaita aji. 'Yan ajinsu suka bi mawaƙan zamani. Ita kuwa ta ajiye waya a gindin turmi ta ɗauki muryar mahaifiyarmu, Iya Delu, tana waƙar daka. Daga nan ta duƙufa wajen zanen tsohuwa da taɓarya, hoto bayan hoto, tana daidaita saukar taɓaryar da kiɗan turmi. In an ɗauke wuta ta yi tsaki, in an kawo ta ɗora.

Labari ya iske Yaya a majalisa, ya shigo a fusace.

"Muryar uwata za ki kai gaban ƙattin makaranta? Ki goge, ko ki bar karatun."

Jamilatu ta durƙusa, amma ba ta sunkuyar da kai ba. "Baba, ka yi haƙuri, ni ba zan goge ba. Ka kalla. In ka ga ya kamata, ka goge da hannunka."

Yaya shi ne ɗan farin Iya. Saboda alkunya ba ta taɓa kiran sunansa ba, "wancan" take ce masa, ko fara'a ba ta yi masa a gaban mutane. Na san abin yana cin ransa har ya yi furfura. Shi kuma ba ya zama inda mata ke daka, don haka bai taɓa jin waƙar ba.

Jamilatu ta kunna. Tsohuwar katun ta ɗaga taɓarya, muryar Iya ta fito:

"Mai allura na bayan ƙofa,
baki bai kira ka ba,
zuciya ke kira kullum."

Iya da ke zaune a gefe ta ja mayafi ta shige ɗaki tana cewa, "Ja'ira, kin tona ni."

Idon Yaya ya kaɗa. Ya ce a mayar farko, aka mayar.

Jamilatu ta ce, "Gobe zan kai musu, Baba."

Ya miƙe yana neman takalminsa, bai kalle ta ba. "Ki rubuta sunanta a jiki, kada wani ya ce tasa ce."