Wuƙa Mai Wutsiya

Babana ya bar gona ya shiga aikin ɗan doka a bazarar da ta biyo bayan shekarar da fara ta cinye mana gero, kuma ni na zaɓa masa wuƙar da ta sa aka ɗauke shi. A kasuwar Shuwarin aka yi, da hantsi, a gaban tabarmar wani ɗan koli Bazazzagi. Lokacin ban isa riƙe garma ba, amma na isa in kai awaki kiwo ni kaɗai.

Gidanmu yana gindin duwatsun Dutse, ta wajen da itatuwan dabino suka yi yawa. Daga Baba sai Inna, sai ni da ƙanwata Ladi. Ni ne ɗan fari, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" yake ce mini, in kuma yana ba wani labarina sai ya ce "yaron nan". Ba ya wasa da ni, ba ya ɗaukata, amma duk inda ya sa ƙafa ina bayansa. Da asuba in je makarantar allo a ƙofar Malam, rana na fitowa in kora awaki kan dutse. A can muke yin langa da kokawa, mu harbi ƙadangaru da baka, mu jefi ɗanyen dabino mu ci har bakinmu ya ɗaure. Da damina ina bin Baba da ƙoƙon iri, yana saran rami ina zubawa ina rufewa da diddige. Za mu wuni bai yi magana ba, sai in na tsallake rami ya ce, "Koma." Ban san wani daɗi da ya fi wannan ba a lokacin, kuma ban same shi ba daga baya.

Akwai aikin da yake nawa ne ni kaɗai a gidan. Rumbunmu ta sama yake da baki, kuma bakin bai isa babba ya shiga ba. Kullum da safe Baba zai ɗaga hular rumbun, ya kama ni ta hammata ya zura ni ciki, in riƙa miƙo zangarniyar gero Inna tana karɓa. A shekarun ƙoshi, da ya sake ni sai in ji ƙafata a kan gero, kaina a waje. A wannan shekarar kuwa sai da ya riƙa sa igiya. Ina sauka in ga sama ta koma ɗan faifai. Inna takan tambaya daga waje, "Da saura?" In ce da saura. Ba ta leƙawa, shi ma ba ya leƙawa. Ni kaɗai na san cewa ƙafata ta fara taɓa daɓen ƙasa ta gefe guda. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, sauran kuma kwaɗon tafasa da rama. Ladi ta daina kuka, sai kallo.

A cikin wannan hali Baba Gambo ya zo. Tsohon dogarin hakimi ne, abokin kakana. Ya zauna a zaure ya ce za a zo daga Kano a ɗebi dogayen maza masu ƙarfi a sa su aikin ɗan doka, da albashi duk wata, da kaki da jar dara da kulki. Babana dogo ne, har Dogo ake kiransa a unguwa. Sai dai Baba Gambo ya nuna wuƙar da ke ɗaure a damtsen Baba cikin kubenta, wadda ya gada daga kakana, ya ce wannan ba za ta shiga ba. Rigar aikin gajeren hannu gare ta, kuma Bature ba ya son ganin wuƙa a jikin ɗan doka. Wuƙa mai naɗewa ake so, wadda za ta kwanta a aljihu, kuma kowa shi zai zo da tasa. Ya ce ba don mutum ake riƙe ta ba, don igiya ne. In an ɗauro masu laifi a jere za a kai su Kano, ɗan doka yana naɗe bakin igiyar a hannun hagu. In ɗaya ya faɗi a tsakiyar rafi, ko doki ya firgita ya shiga cikinsu, dole ka buɗe wuƙa da hannun dama kaɗai ka yanke, in ba haka ba ɗaya ya ja sauran. "Abin da sajen zai gwada ku da shi ke nan," in ji shi. "Hagu a ɗaure, dama ta yi aiki."

Baba ya sa hannunsa na dama ƙarƙashin riga. Tun kafin a haife ni lauje ya yanke masa jijiyar babban yatsa. Yatsan ya sandare, ba ya lanƙwasuwa, farcen ma bai sake fitowa ba. A gona bai hana shi komai ba, da sauran yatsun yake damƙe fartanya. Amma wuƙa mai naɗewa da babban yatsa ake tura ta. In ya sa haƙori a gaban saje, an gane ke nan, kuma ba a ɗaukar mai naƙasa.

Ni dai da na ji haka sai raina ya yi sanyi. Na ce a zuciyata, ba zai iya ba, ba inda za shi.

Ranar kasuwa ya ce in biyo shi. Muka sami ɗan kolin ya baje allurai da madubai da kwalli da zare, wuƙaƙe kuma a jere a gefe. Yana ganin mu ya ce, "A'a, yau Bakano zai sayi abu? Yaro, duba sama ko hadari ya haɗo."

Baba ya ce, "Bazazzagi, rage surutu ka nuna mini wuƙar da ba za ta mutu kafin in kai gida ba."

"Tawa ba ta mutuwa, sai dai mai ita ya mutu ya bar ta. Ga ta kanti, daga bakin teku ta zo. Dubi ƙotar, har fuskarka za ka gani. Ko da yake kai gara kada ka gani."

Baba ya durƙusa. Baba Gambo ya riga ya koya masa yadda ake dubawa, kuma ya bi a hankali. Ya buɗe wuƙa da hannu biyu, ya kama bakin ruwan wuƙar ya girgiza, don in ƙusar da ta haɗa ruwa da ƙota tana rawa yau, gobe za ta fita. Ya ƙwanƙwasa ruwan a kan dutse ya saurara. Ya hura masa numfashi ya ga ko zai bushe da sauri. Ya goga kaifin a kan tsohuwar igiyar rama da ya zo da ita. Masu ƙyalli da yawa suka faɗi tun a nan, ƙotarsu gwangwani ce, da ya matsa sai ta lotsa. Waɗanda suka tsira kuwa suna da wani siririn ƙarfe a baya mai riƙe ruwan gam, sai an sa farce mai ƙarfi an ja. Sai ya juya wa ɗan kolin baya kamar yana duba hasken rana, ya gwada da hannu ɗaya. Ina ganin yatsan yana zamewa a kan ƙarfen. Ya gwada wata, ya gwada wata. Gumi ya keto masa a wuya.

Ni kuwa ina zaune a ƙarshen tabarma, hannuna ya kai kan wata da aka jefar cikin tarkacen ƙusoshi. Mummuna ce. Ƙotar ƙahon sa, baƙa, ruwan gajere mai kauri, da alamar guduma a jikinsa. Ba ta da ƙarfen nan na baya, ƙusa ɗaya tak ta riƙe ta. A gindin ruwan akwai wata 'yar wutsiya ta ƙarfe da ta fito waje idan an naɗe. Wasa kawai nake yi, na danna wutsiyar a kan gwiwata. Sai ruwan ya tashi ya miƙe, wutsiyar ta kwanta a bayan ƙota, tafin hannuna ya danne ta. Na naɗe na sake. Babban yatsana bai taɓa komai ba.

Babu wanda ya gani. Baba ya riga ya miƙe yana kaɗe gwiwa, yana cewa, "Kayanka duk na yara ne, Bazazzagi." Na san in na tura ta ƙarƙashin ƙusoshin muka tafi, da damina zan bi shi da ƙoƙon iri kamar kullum. Amma da safiyar ranar ni aka zura cikin rumbu, kuma da tafin hannu na share ƙasa na tattaro abin da na miƙo.

Na ce, "Baba, ga wata."

Ya dube ta ya ce, "Ajiye, ta fawa ce."

Ban ajiye ba. Na matso jikinsa yadda ɗan kolin ba zai lura ba, na danna ta a gwiwa. Ya karɓa, ya danna a cinyarsa, ta buɗe. Ya girgiza ruwan, ko motsi. Ya ɗora a kan igiyar ramar ya ja sau ɗaya, ta rabu.

Ɗan kolin ya ce, "Duk kayan Turawan nan, sai ta maƙerin Aujara? Lallai Bakano ba ya wuce tuwon jiya. To ita kam ba abin da zai karye a jikinta. In ƙusar ta saki, kowane maƙeri ya buga mata guduma ta koma."

Baba ya kwance wuƙar kakana daga damtsensa, da kubenta, ya ajiye a kan tabarmar. Ɗan kolin ya daina dariya. Ya ce, "Dogo, wannan ta fi ta nesa." Baba ya ce, "Na sani." Ɗan kolin ya ƙara masa ɗan dutsen washi da ƙullin gishiri, muka tashi. A hanya, wajen wata tsamiya, ya tsaya ya ɗora hannun nan mai sandararren yatsa a kaina, ya ɗan jima, sannan ya ɗauke muka ci gaba.

Kwanakin da suka rage ya yi su a bayan gida, igiya a hagu, wuƙa a dama, ni ina riƙe ɗaya bakin ina ja kamar mai laifi. Har wandonsa ya huje a cinya. "Ja da ƙarfi," yake cewa, "ɓarawo ba zai tausaya mini ba."

Ranar gwaji muka hau dutse mu yara muna hangen ƙofar gidan hakimi. An jera maza a rana, saje yana bin su da sanda, Bature yana zaune a inuwa. Aka sa su gudu, aka sa su ɗaukar buhu. Da aka zo kan igiya wasu suka sa haƙori, wani wuƙarsa ta faɗi ƙasa, mutane suka yi dariya. Da aka zo kan Baba ban ma ga lokacin da ya buɗe ba. Hannu ya sauka cinya, igiya ta faɗi. Sajen ya karɓi wuƙar ya juya ta, ya taɓe baki, ya mayar masa. Bai dubi yatsan ba. Ya nuna masa gefen waɗanda aka ɗauka. Yaran da ke kusa da ni suna ta dukan bayana suna murna. Ni na sauka ta bayan dutsen na tafi wajen awakina.

Da ƙafa suka tafi Kano. Kafin ruwa ya zauna, sai ga jaki da buhun dawa Baba ya aiko mana. Ladi ta tashi, ta yi ƙiba, ta rayu har ta ga jikoki. Daminar nan ni da Inna muka yi shuka, ita da sara ni da iri, kuma na tsallake ramuka da yawa ba wanda ya ce in koma. Baba yakan zo jefi-jefi cikin kaki, ya kwana biyu ya wuce. In ya shigo unguwa mutane sukan miƙe tsaye, har waɗanda suka yi noman gayya tare da shi, hira ta mutu sai ya tafi. Wasu iyayen suka hana 'ya'yansu yin langa da ni, wai ɗan ɗan doka ne, kada a faɗi magana a gabansa ta kai kunnen masu karɓar haraji. Daga baya aka tura shi Garki. A can ciwon sanƙarau ya same shi wata bazara, ina saurayi. Kafin labari ya iso mana an daɗe da binne shi. Na je na nemi kabarin, ba wanda ya iya nuna mini.

Bayan haka na yi dako, na yi haƙar rijiya, na yi gadi, na binne mata da 'ya'ya. Dutse ta zama babban gari. Inda gonarmu take yanzu gidaje ne da kwalta, 'yan sanda suna wucewa a mota, ban san fuskar ko ɗaya ba. Yaran yanzu suna hawa cinyar ubanninsu suna ja musu gemu, ina kallo. Yanzu na wuce shekarun da babana ya yi a duniya nesa ba kusa ba, amma har yau in na tuna shi, daga ƙasa nake kallonsa.

Ina unguwar Yalwawa yanzu, a zauren jikan Ladi, kuma ƙafa ta daina kai ni ko'ina.