Babi na tara ba na Malam Sanda ba ne

Ina ɗaura ɗankwali zan fita aiki da safen nan waya ta shigo. Hajiya Rakiya ce, matar Malam Sanda. Ko sallama ba ta iya yi ba, sai cewa ta yi, "Maman Nabila, Malam ya tahi."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na zauna a kan matakala da makullin mota a hannuna, ban san tsawon lokacin da na ɗauka a wurin ba. Ciwon zuciyar nan ne da ya kwantar da shi watan jiya. Bayan sallar asuba ya ce ƙirjinsa, kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa.

Rasuwar ta dake ni, amma ba ita kaɗai ke cin raina ba. Akwai abin da ya roƙe ni in yi, na ce masa to, ban yi ba har ya koma ga Allah. Iyayen yaran ajin Asabar, don Allah ku daure ku karanta har ƙarshe.

Ga waɗanda ba su san shi ba, mutumin Nijar ne daga wajen Tawa. Ya fi shekara ashirin a nan Greensboro ta Amurka yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito. Duk Asabar in an tashi daga Islamiyya, sai ya tara yaranmu ya karanta musu labarin da yake rubutawa da kansa, labarin Indo.

Indo yarinya ce 'yar shekara goma sha biyu a zamanin da. Rijiyar garinsu ta ƙafe, danginta suka tashi za su sari daji su kafa tunga, ita kuma ta ɓace musu a hanya. Daga ita sai jaki guda, da wuƙa, da ƙwarya. Tun daga nan take bin sawunsu, tana koyon yadda mutum zai rayu shi kaɗai a dawa.

Shi yake rubutawa da biro a littafin da yake kira kaye, ni kuma in buga a kwamfuta in fitar wa yara. Shekara biyu muna haka, kuma shekara biyun nan faɗa muke yi a kan abu guda: ba ya sa Indo ta yi abin da shi bai gwada da hannunsa ba.

Da za ta kunna wuta da karare, kwana uku ya yi yana murza kara a bayan gininsu da ke Gate City Boulevard, har tafin hannunsa ya yi bororo. Da za ta tace ruwan kududdufi da yashi da gawayi, shi ya fara tacewa ya sha. Tarkon da ta ɗana wa zomo kuwa, ya ɗana shi a bayan gininsu, kyanwar maƙwabta ya kama, sai da ya je har ƙofa ya ba da haƙuri.

Na ce, "Malam, ba kiwo ka yi kana yaro ba? Ai ka san duk waɗannan."

Ya ce, "Na sani shekara hamsin da sunka wuce. In na manta wani wuri hwa? Ɗiyan nan sun yarda da ni."

Mutum ne mai sanyin hali. Ranar da batirin motata ya mutu cikin tsananin sanyi, shi ya baro abin da yake yi ya zo ya tayar mini, ko ruwan shayi ya ƙi tsayawa ya sha. 'Yata Nabila, wadda in na yi mata Hausa sai ta amsa da Turanci kamar ana cire mata haƙori, a ajinsa bakinta ya buɗe. Bai taɓa yi wa yaro tsawa a kan Turanci ba. Sai dai ya ce, "Bon, yanzu hwaɗa mani da Hausa, jakin Indo bai je lokol ba," wato makarantar boko.

Babi na takwas ya ƙare Indo tana bakin kogi, damina ta cika shi, tana hango hayaƙin mutanenta a tsallake.

A nan labari ya tsaya, don Malam bai iya iyo ba. Garinsu ba kogi, sai rijiya. Yana da shekara sittin da uku ya je ya yi rajistar koyon iyo, yana shiga ruwa da sassafe kafin ya wuce aiki. Wata Lahadi har Summerfield ya tuƙa, wurin wani mai dawakai da aka ce yana da jaki, don ya ji yadda jaki ke yi in ya shiga ruwa mai zurfi. Mutumin ya ce shi bai taɓa sa nasa a ruwa ba. Haka ya dawo hannu rabbana.

Wata uku Indo tana tsaye. Yara suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wata Asabar Nabila ta ce mini ita ba za ta ba, tsohon ma bai san ƙarshen labarinsa ba. Waɗanda suka san ni sun san ba ni da haƙuri. Na tare shi a wurin ajiye motoci na ce, "Malam, labari ne fa! Ka haye da yarinyar nan kowa ya huta. Wa zai bi ka ya duba?" Ya yi murmushi kawai ya ce ya kusa, ya fara iya sakin bangon wurin iyo.

Sati biyu bayan nan aka kwantar da shi.

Yana gadon asibiti na zauna wata Juma'a da yamma na rubuta babi na tara da kaina. Na sa Indo ta kife ƙwarya a ka, ta kama wutsiyar jaki, ta rufe ido, ta yi bisimilla ta faɗa ruwa, jakin ya ja ta har tsallake. Ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba. Washegari na tsaya gaban yara na ce Baba Sanda ne ya aiko daga asibiti. Suka yi ta tafi. Na raba musu takardu suka kai gida, ina ta jin kaina wai na ceto aji.

Ganina da shi na ƙarshe wata Lahadi ce, sama da sati biyu ke nan, bayan an sallamo shi. Muka je gaishe shi da Nabila. Yana kishingiɗe a falo, ya rame, muryarsa ta yi ƙasa. Ko zama ba mu gama yi ba ta ce, da Hausa tsaf, "Baba Sanda, na gode, Indo ta haye!"

Ya dube ta, ya dube ni. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya ce, "Ta haye? Madalla. Ƙaƙa ta yi?" Ta zayyana masa komai, har da wutsiyar. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce ta shiga kicin, Hajiya ta ajiye mata kilishi.

Sai da ta shige ya ce, "Maman Nabila, kin taɓa riƙe wutsiyar jaki cikin ruwa?"

Na ce a'a.

"Ni ma haka. Ban san ko yana ja ba, ban san ko yana shuri ba." Ya huta kaɗan, numfashi yana yi masa wuya. "Zahi na tahe, za ku kwashe su ku kai su bakin tabki. Wani cikinsu zai tuna Indo ta ruhe ido ta hwaɗa, kuma ta hita lahiya. Ba zai ce Maman Nabila ta ce ba, Baba Sanda zai ce."

Na fara kame-kame, wai yara ne suke watsewa. Ya ɗaga hannu ya ce ya sani, bai riƙe ni da komai ba. "Abu guda nika so. Ki gaya musu ba ni na rubuta ba."

Na ce in sha Allahu ranar Asabar.

Asabar ta zo, na tsaya gabansu, na ga idon Nabila a kaina, na kasa. Na ce a raina sai mako mai zuwa. Ta biyun ma ta zo ta wuce. Kunya ce kawai, ba ni da wata hujja. Ya kira ni sau ɗaya a tsakani, na ga sunansa a waya na bar ta tana ta ƙara har ta tsinke.

Wannan kiran ne ya hana ni sukuni tun safe.

Ɗazu na je gidan. Hajiya Rakiya tana cikin mata, ta miƙo mini kayensa ta ce ni ce mai bugawa, ya fi dacewa da hannuna. Na buɗe a mota. Ya rubuta "Babi na tara" a saman shafi, ƙarƙashinsa layi uku ne kacal. Indo ta shiga ruwa iya ƙugunta, kusa da gaɓa. Ta kwanta rigingine, ta saki jikinta, ta ƙirga ashirin. Sai ta miƙe ta fito, ta ce gobe za ta ƙara.

Iya inda ya kai ke nan a koyonsa, iya nan ya rubuta.

Da Nabila ta dawo daga makaranta na gaya mata duka biyun, rasuwar da kuma abin da na yi. Sai ta ce, "To Indo fa?" Na ce tana wannan gefen, ba ta haye ba. Ta tashi ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, har yanzu ba ta fito ba.

Saboda haka ga saƙon da ya ba ni, na isar a makare. Babi na taran da ke gidajenku ni Maman Nabila na ƙirƙira, Malam Sanda bai san da shi ba. Ku karɓe shi daga hannun yaranku, ku gaya musu da bakinku cewa Baba Sanda bai taɓa cewa a rufe ido a faɗa ruwa ba. Ranar Asabar zan tsaya gabansu in faɗa da kaina, in karanta musu layukansa uku, ba zan ƙara ko harafi ba.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Sanda, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka ba Hajiya Rakiya da 'ya'yansa haƙurin rashinsa. Duk wanda ya karanta wannan, ko ya san shi ko bai san shi ba, don Allah ya yi masa addu'a. Ni ma ku sa ni a ciki, Allah ya yafe mini kiran da ban ɗauka ba.