Farantin da Aka Ware Mini

Ranar wata Lahadi ce a ƙarshen damina, shekarar da na gama firamare, Baba ya sauke ni daga babur a ƙofar wata ƙaramar kwalejin kwana ta 'yan mata a Birnin Gwari. Tun daga Kusasu muke ratsa daji da laka, akwatin ƙarfena ɗaure a baya, bokiti yana reto, ni kuma na ƙanƙame rigar Baba. Ni ce mace ta farko a gidanmu da aka kai makarantar kwana, kuma baffannina ba su so ba, sun ce an rage hannu a gona ana gab da girbi. Shi ya sa da Baba zai juya bai ja magana ba. Ya ce, "Rakiya, in kin ga ba za ki iya ba, motar Kusasu na zuwa ranar kasuwa, ki biyo ta. Amma in kin dawo, kin dawo ke nan."

A gidanmu ba a cin abinci a ware. In an kwashe tuwon dawa, mu 'yan mata kwanonmu ɗaya ne, mu zagaye shi a kan tabarma a gindin rumbu. Kwanon yana da dokarsa. Babba ce ke fara sa hannu, kowa ta ci gabanta, in da nama ba mai taɓawa sai an raba, ƙanzo kuma na auta ne. A bakin kwanon nan ake tonon asiri: wadda ta fi kowa tsinto kaɗanya a daji, wadda ta yi barci tsuntsaye suka yi wa shinkafa ɓarna, wadda aka kayar a 'yar gala-gala ta ce ƙafarta ce ke ciwo. Mutum biyu kaɗai ake ware wa kwano, mara lafiya da wadda ta yi laifi. Ni an taɓa ware mini lokacin da na yi ƙyanda. Ana turo mini kwano daga bakin ƙofa, ina jiyo dariyar 'yan'uwana a tsakar gida, kuma wannan ya fi ƙyandar ciwo.

To da aka kaɗa ƙararrawar cin abinci a makaranta, muka yi layi, sai aka miƙo mini faranti da lambata rubuce da fenti, aka zuba tuwo, aka nuna mini benci. Na zauna ina jiran a kira ni wurin sauran. Ba wanda ya kira. Na ga dai kowa da farantinta, ido ya gani amma zuciya ta ƙi yarda, loma ta ƙi wucewa. Haka na riƙa turawa gefe, ina komawa ɗaki in ɓoye in jiƙa garin kwaki da ƙuli-ƙulin da Inna ta ƙulle mini. Da guzurin ya ƙare sai jiri ya fara ɗibata a wurin shara, a aji kuma rubutun allo ya riƙa rawa. Na ninke kayana a akwati, ina jiran ranar kasuwa.

Al'adar makarantar ita ce a ba kowace sabuwar ɗaliba uwar ɗaki daga cikin manya. Yawancinsu sa ƙanana ɗiban ruwa da wanki kawai suka sani. Tawa Yaya Ladi ce, 'yar Gbagyi daga Tsohon Birnin Gwari, doguwa mai faɗa, wadda ba ta taɓa yi mini murmushi ba, don haka tsoronta nake ji. Ashe tana lura. Ana gobe kasuwa ta tsaya a kaina a ɗakin cin abinci, ta dubi tuwon da ban taɓa ba, ta ce, "Ke, miyar ce ba ta yi miki ba, ko 'yar sarki aka kawo mana?" Ban san lokacin da na fashe da kuka ba, na ce, "Yaya, me na yi aka ware ni?" Ba ta yi dariya ba, kuma har yau ina gode mata da wannan.

Washegari da rana ta shigo da wani babban kwanon silba da ta aro wurin masu dafa abinci. Ta juye tuwonta a ciki, ta juye nawa, ta yafito wasu sababbi biyu da su ma ta ga suna jagwalgwala abinci, ɗaya daga Gwaska, ɗaya Bafulatana daga ruga. Ta sa hannu ta fara, kamar yadda babba ke yi, ta ce, "Ku ci, hannu da yawa maganin ƙazamar miya." Miyar kukar nan kuwa ta cancanci karin maganar, ruwa ce tsululu, amma sai da muka suɗe kwanon. Shugabar ɗalibai ta kai ƙara, tun da doka ce kowa da farantinta, aka sa Yaya Ladi yankan ciyawa a bayan ɗakin kwana. Ta yanka, washegari ta sake kawo kwanon. Malamar da ke kula da mu ta gani ta kau da kai. Ita kuwa motar Kusasu, na ji hon ɗinta daga bakin titi ranar kasuwar da aka fara kawo kwanon, hannuna yana cikin miya.

Yanzu ni ma ina koyarwa a wata ƙaramar kwaleji, kuma ni ke karɓar sababbin ɗalibai. Ana yi musu jawabi a kan dokoki da jadawalin darasi, ni kuwa makon farko a wurin cin abinci nake ƙare shi, ina duba farantin da ba a taɓa ba. Ina da babban kwano a ofis saboda haka. Hanyar da muka bi da Baba ta daina biyuwa yadda aka saba tun da daji ya lalace, 'yan'uwana da muka zagaye kwano ɗaya kowa tana garin da tsoro ya kai ta, kuma Yaya Ladi ban san inda take ba. Na koyi cin abinci ni kaɗai tuntuni. Sai dai har yau gabana kawai nake ci, in bar ɗaya gefen.