Kwamfuta Mai Rabewa Biyu da Na Saya wa 'Yar Fari

Ko tsufa zai kai ni inda zan riƙa manta wurin da na ajiye carbina, ba na jin zan manta safiyar da na zauna a bakin ƙofar ɗakin yayata a cikin garin Gaya, ina kallon abin da na saya da hannuna yana neman raba 'yata da abincinta. Shekaru sun ɗan ja, amma har yau safiyar nan ba ta bar ni ba.

Ni mutuniyar ƙauyen Balan ce. Ban taɓa zama a aji ba, amma a unguwarmu ba kasafai mace take sayen tukunya ko akuya ba ta kira ni ba. Tukunya in na ƙwanƙwasa ta sau ɗaya na san mai tsaga. Akuya in na buɗe bakinta na san ƙaryar mai ita. An san ni da ido, an san ni da faɗa, ni ma kuma na yarda da kaina fiye da kima. Wannan yardar ce ta kai ni.

Yarinyar da nake magana a kanta 'yar farina ce. Mu a yadda muka taso, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta ma kallon tsabar idonsa. Ana yaye ta yayata ta ɗauke ta zuwa Gaya, ita ta riƙe ta, ita ta sa ta a makaranta, ita ta aurar da ita Gafasa. Yayata take ce wa Inna, ni kuwa Iya, shi ma sai ta kama dole. Duk maganar da ke tsakaninmu ta bakin yayata take bi. In zan tambayi lafiyarta sai in ce, yaya mutanen Gafasa? A haka muka yi shekara talatin da wani abu, ba wanda ya ga aibu.

Yarinyar tana koyarwa a firamaren garinsu, amma na wucin gadi. Sai aka ce musu akwai gurbi ɗaya na dindindin, wanda ya kawo takardar kammala karatu a wannan shekarar shi za a ba. Ita kuwa dama tana wani karatu daga gida, saura jarrabawar ƙarshe. Jarrabawar a kwamfuta ake yin ta, a buɗe kyamara, mai tsaro yana kallon mutum daga can inda makarantar take. Wanda ya faɗi sai baɗi. 'Ya'yanta huɗu a lokacin, gonar mijinta kuwa ba ta kai su wata kaka. Wannan gurbin shi ne rufin asirin gidan.

Wata rana na je Gaya gaisuwa, yayata ta ambata cikin hira cewa yarinyar nan tana ta yawon aron kwamfuta. Maganar ta yi mini zafi. 'Yar da na haifa tana bin ƙofar mutane aro, ni ina zaune da buhun riɗi a ɗaka. Ban taɓa yi mata wani abu babba da za a nuna a ce na uwarta ne ba. Ran kasuwa na fitar da riɗin na sayar, na ƙulle kuɗin a bakin zani, na nufi rumfar masu wayoyi ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba.

Mai rumfar ya fito mini da guda biyu. Ɗaya baƙa ce mai kauri, ta hannu, duk gefenta ya goge, har da ƙarce a murfin. Ɗayar sabuwa fil a kwalinta, siririya, fara tas. Ya kama ta ya ja, sai ga ta ta rabe biyu, gilashin a hannu ɗaya, wurin dannawa a ɗaya hannun. Ya sake haɗa su suka kama juna ƙat. Ya taɓa gilashin da yatsa hoto ya motsa. Kuɗinta kuma bai kai na tsohuwar ba. Nan take na ce a raina wannan ai akuya mai ciki ce, ka biya ɗaya ka tafi da biyu. Na ƙwanƙwasa bayanta, na jinjina nauyinta, na bi gefenta da farce ban ji tsaga ba. Duk abin da na iya na yi.

Ba zan ɗauki alhakin mutumin nan ba, ya yi mini gaskiya. Ya tambaye ni wa za a saya wa, me za a yi da ita. Da na gaya masa, sai ya sosa ƙeya ya ce wannan farar cikinta ƙarami ne, ba ta son a haɗa mata aiki biyu, tsohuwar ta fi ta ƙashi.

"Iya, ga waya, a kira mai abin a tambaye ta mana," in ji shi.

"Ni da kuɗina sai na nemi izini? Kwancen wasu kake so in kai wa 'yata?"

Ya yi dariya ya ce Allah ya ba ni haƙuri, ya sa mini farar a leda. Gaskiyar da ban gaya masa ba ita ce, ba ni da bakin da zan kira ta in tambaye ta. Ko ya sa mini wayar a kunne, gaisuwa za mu yi mu yi shiru.

Na kai wa yayata na ce a ba mutanen Gafasa. Bayan kwana biyu saƙo ya dawo, wai ta yi godiya har da kuka. Na ji daɗi, na zauna ina jiran in ji an fara yabon aikin abin. Shiru. Sati ya wuce, biyu suka wuce. In na tambayi yayata, sai ta ce lafiya lau, ta kawo zancen tsadar taki. Ni kuwa na san yayata tun muna ɗaukar ruwa tare, in ta yi saurin canza magana akwai abin da ta danne. Tun daga nan ina tuƙa tuwo ina tunani, ina salla ina tunani. Da na ji ranar jarrabawar ta zo, kuma a ɗakin yayata za a yi saboda sabis ɗin waya ya fi ƙarfi a Gaya, sai na ƙulla daddawa a leda na ce ita zan kai.

Da hantsi na isa. Ina yin sallama na sami yarinyar a kan tabarma kusa da taga, ga ɗan teburi a gabanta, hannunta cikin wata baƙar jaka. Tana jin muryata ta zare hannun, ta tura jakar ƙarƙashin gado da ƙafa, ta durƙusa tana gaishe ni idonta a ƙasa. Na amsa ina kallon yayata. Sannan ta miƙe ta sauko da kwamfutata daga kan durowa, ta goge ta da gefen hijabi. Na ga ƙurar da ta fita. Abin da ake aiki da shi kullum ba ya tara ƙura, wannan ko yaro ya sani. Na gani, na kuma ƙi gani, don ina son in ga kayana a gabanta.

An ce ba a son ganin kowa a bayan mai jarrabawa, saboda haka ni da yayata muka zauna a bakin ƙofa daga waje, tana ɓarar gyaɗa, ni ina leƙe ta gefen labule. Awa biyu aka ba su. Da farko abin ya tafi, na ga fuskarta ta fito a ɗan lungu, rubutu ya cika sauran wurin, ta fara dannawa. Har na fara gyara zama. Ba a jima ba sai na ga yatsunta sun tsaya. Wani ɗan zobe ya fito tsakiyar gilashin yana ta juyawa, yana ta juyawa, kamar jakin da aka ɗaure a turke. Ta taɓa, ta sake taɓawa, ko gezau. Ta kashe ta kunna. Kafin abin nan ya farka, wallahi da na gama dama fura.

Ta sake shiga, ta amsa kaɗan. Gwiwarta ta ɗan taɓa teburin, gilashin ya ɗaga daga mazauninsa, rubutu ya daina shiga. Ta haɗa, ta danna, ta haɗa. Sai zoben ya dawo. Ta taɓa bayan abin ta janye hannu, ya yi zafi, ta jawo faifai tana yi masa fifita kamar mai jinya. Ni a waje ban san karatun agogon waya ba, amma ina ganin rana tana cin inuwar katanga, ina kuma ganin gumi yana ɗiga daga haɓarta.

Can sai ta juyo ta ce wa yayata da ƙaramar murya, mai tsaron ya rubuto, kyamararta ta ɗauke sau biyu, in ta sake ɗaukewa ta daɗe za a rufe mata. Tana faɗa idonta ya tafi ƙarƙashin gado ya dawo. Yayata ma ta daina ɓarar gyaɗa, ta sunkuyar da kai. A nan na gane komai. Yarinyar nan ta san halin abin tun ranar da aka kai mata, ta dawo da shi ɗakin yayata ta ajiye. Ta aro wata ta zo da ita. Zuwana ne ya sa ta tura ta ƙarƙashin gado, don ba za ta iya ture kyautar uwarta a gaban uwarta ba. Ta gwammace aikin ya tafi.

Na zunguri yayata na ce ta gaya mata ta ɗauko waccan. Yayata ta faɗa. Yarinyar ta girgiza kai, ba ta ko juyo ba.

"A'a Inna, za ta tashi. Ta Iya ce, da albarka a cikinta."

Zoben yana nan yana juyawa. Shekara talatin da wani abu ban furta sunan nan ba, ko a bayan idonta. Na dafa ƙofa na miƙe, na ɗaga labulen, na kira ta da sunanta na yanka. Ta zabura kamar an watsa mata ruwa, ta kalle ni ido cikin ido, karo na farko.

"Ɗauko ta ƙarƙashin gadon. Wannan tawa ture ta gefe, ni na saya, ni na ce ki ture."

Ta jawo jakar ta fito da kwamfutar. Baƙa ce mai kauri, gefenta a goge, ƙanwar wadda na raina a kasuwa, ta wata abokiyar aikinta. Ta buɗe, ta shiga, Allah ya sa ba a riga an rufe ba. Abin bai ko yi tari ba. Yatsunta suka kama gudu, ni na koma na zauna ina jan duk addu'ar da na sani. Amma fiye da rabin lokacin ya riga ya tafi. Tana tsakiyar rubutu shafin ya rufe kansa, da sauran tambayoyi ba ta taɓa ba.

Ta naɗe wayar caji a hankali, ta zo bakin ƙofa ta durƙusa ta ce, "Iya, ki yi haƙuri." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na ce Allah ya yi mata albarka, na tashi na nufi tasha, daddawar ma a hannuna na koma da ita.

Makonnin da aka yi ana jiran sakamako ban san ɗanɗanon abinci ba. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai na fita na leƙa. Da sakamakon ya fito, ta ci sauran darussan karatun duka, wannan jarrabawar ɗaya ce ta faɗi, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Aka ba wata gurbin. Ta sake jarrabawar da shekara ta zagayo ta ci, amma sai da ta ƙara shekara biyu tana wucin gadi kafin wani gurbin ya samu. Shekarun nan na ga yadda jikokina suka yi su, kuma na san hannun da ya jawo. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, mijinta ma haka.

Farar kwamfutar tana ɗakina har yanzu. An zuba mini tafsiri da karatun Alƙur'ani a ciki, nakan jingina ta da filo in saurara, kuma ba ta taɓa ba ni kunya a wannan ba. Shi ya sa in mata suka zo suna tambayata ko irin waɗannan masu arahar abin saye ne, nakan ce ya danganta da kayan da za a ɗora mata. In kallo ne da sauraro, a saya, za ta yi. In kuwa abincin wani ne zai rataya a wuyanta, jarrabawa ko aikin ofis, to a bar ta a rumfa, ko a ƙara haƙuri a tara a sayi mai ƙarfi, ko da ta hannu ce. Araha ba ta ado, balle ta ɗauki kaya.

Amma ba kwamfutar ce ta cuce mu ba, an gaya mini halinta tun a kasuwa. Bakina da na rufe ne, da nata da ta rufe. Tun daga ranar na rage wani abu a kunyar nan, ko da tsofaffin unguwa suna cewa na lalace. Sallar da ta wuce na kira ta da kaina na tambaye ta wace irin atamfa take so. Ta yi ta nuƙu-nuƙu, sannan ta ce ko wacce ma, amma ban da kore, ba ya yi mata kyau. Shekara ashirin kore nake aika mata, tana ɗinkawa tana sawa tana zuwa gaishe ni.

Abin da na koya ke nan da furfura a kaina: kafin ka kwance bakin zani don wani, buɗe baki ka tambaye shi, ka kuma ba shi hanyar da zai ce maka a'a. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ko da kai ka haife shi.