Bashira da Littattafan Dakta

Bashira maƙwabciyata ce a unguwar Sri Petaling, nan ƙasar waje, ƙofa da ƙofa, hawa na bakwai. Shekara shida ina tsokanarta ba ta taɓa ramawa ba. Matar Likitan Kwanciya nake ce mata, don mijinta, Dakta Zahraddeen, ba ya allura, ba ya ba da ƙwaya. Kwantar da mutum yake a doguwar kujera ya ce ya yi ta magana. Na ce wannan aiki ko ni Indo mai masa, da na tsaya aji huɗu, zan iya.

A Landan ya gano abin. Wai ya shiga gidan wani tsohon Bature da ya fara sana'ar, an mai da shi gidan tarihi, kujerarsa na nan da darduma a kai ana layin kallo. Yana dawowa ya sayo tasa a gwanjo. Aikin Bashira ta buɗe wa mai zuwa ƙofa, ta ajiye ruwa, ta koma kicin ta kunna injin wanki don kada ta ji.

Ni ma na kwanta a kujerar nan, sau tara. Bayan haihuwar 'yata Khaulah kaina ya rikice, har wata rana na bar jaririyar a ɗaki na hau jirgin ƙasa na LRT ba da niyyar dawowa ba. Ko maigidana bai san wannan ba. Dakta ya sani, kuma ya rubuta a littafi mai baƙin bango.

Bana Dakta ya rasu. Bashira ta fita takaba, bizarta saura mako biyu, sai ga Najib ɗalibinsa da kwalaye. Ya ce an ba su ɗaki a makaranta, za su jera kujerar da tabarau da littattafansa masu baƙin bango goma sha bakwai, irin na Landan, sunan Dakta ya tabbata. Na shigo da tapau, wato ƙunshin masa, a hannu na tarar da maganar.

Najib ya ce ba sunan kowa a ciki, sana'a kawai da shekaru.

Na ce, "Malam, masu masa nawa ne a Sri Petaling?"

Ba wanda ya yi dariya. Bashira ta rungume littattafan. Ta ce rubutun hannunsa ke nan da ya rage mata, ba ɗa, ba wasiƙa. Najib ya ce shi ya sa bai kamata su ɓata ba. Ta ce ya dawo jibi.

Kwana biyu masata na ƙonewa. Na kasa roƙonta, don roƙo ma tona kai ne.

Ranar da ya dawo bayan la'asar, ta ba shi kujera da darduma da tabarau. Littattafan kuwa ta sauka da su ƙasa, muka bi ta. Ashe ta aro jan gwangwanin da wata tsohuwa 'yar Chaina ta hawa na biyu ke ƙona wa matattunta takarda. Tsohuwar har da tambaya ko saƙo za a aika wa mamacin.

Najib ya ce, "Anti, aikin shekara shida ne fa."

Ta ce, "Ba nasa ba ne, ajiya aka ba shi."

Ɗaya bayan ɗaya ta jefa. Na ƙarshe ta daɗe tana shafa bangonsa, har na ce a raina shi ne nawa, kuma shi za ta riƙe. Ta jefa.

A lif bakina ya dawo. Na ce, Matar Likita, rantse ba ki taɓa leƙawa ba. Ta ce ko shafi ɗaya.

"Amma injin wankin nan ba shi da ƙara sosai, Indo."

Ran Talata ta tashi. Ni na goya mata jaka har tashar jirgi ta KL Sentral, ban tsokane ta ba ko sau ɗaya.